Daga kotun Roma zuwa rasiɗin wasiƙa: tarihin kalmar "acusar"

Idan kai mutumin Maraɗi ne ko Damagaram, ko ka taɓa kai takardar neman aiki wani ofishi a Yamai, ka san 'yar takardar nan da ake miƙo maka, ko hatimin da ake buga maka, don shaidar cewa takardarka ta iso hannu. Da Faransanci sunanta accusé de réception. To ka fita daga ofishin ka shiga kotu. Mutumin da ke tsaye gaban alƙali, wanda ake tuhuma da babban laifi, shi ma sunansa l'accusé. Kalma ɗaya ce, ko harafi bai canza ba. A Sifaniya ma haka abin yake: sakatare zai rubuto maka acusamos recibo, wato "saƙonka ya iso", lauyan gwamnati kuma da wannan aikatau ɗin dai, acusar, zai tuhumi ɓarawo a gaban shari'a. Me ya haɗa rasiɗi da tuhuma?

Amsar sai mun koma baya fiye da shekara dubu biyu. A hanya kuma za ka ga wani abu da ya fi maganar rasiɗi nauyi. Akwai zamanin da wannan kalma take da farashi, wanda ya furta ta a kan wani ya sa wuyansa ne a igiya. Tarihinta, in ka duba da kyau, tarihi ne na yadda farashin ya riƙa hawa da sauka.

Yadda aka ƙera ta

Sifaniyanci, da harshen Fotugal, da na Kataloniya, da Faransanci, Italiyanci da Romaniyanci duk 'ya'yan Latin ne, harshen mutanen Roma na da. A ukun farko ana cewa acusar, Bafaranshe ya ce accuser, ɗan Italiya accusare, ɗan Romaniya a acuza. Uwarsu ita ce accusare ta Latin, ita kuma haɗi ce na abu biyu: ad, wato "zuwa ga", da causa, wadda ke nufin dalili, ke kuma nufin shari'ar da ake yi a kotu. In ka fassara ta ɓaro-ɓaro, ma'anarta "jawo mutum zuwa shari'a".

Za ka ce ina d ɗin ta tafi? Baƙin da ke bayanta ne ya haɗiye ta. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe: kana rubuta "rigar Musa" amma sau da yawa "rigam Musa" kake faɗa, kuma al-nabi na Larabci shi ne ya zama annabi. Haka ad da causa suka ba da acc-. Shi kuwa au da ya koma u, wata ɗabi'a ce ta tsohon Latin, wasali yakan raunana idan ya bar gaɓar farko ya shiga tsakiyar kalma. Shi ya sa claudere, rufewa, ta haifi includere. Ta wannan hanya causa ta haifi wasu 'yan'uwan kalmarmu guda biyu: excusare, fitar da mutum daga shari'a, wato ba shi uzuri, da recusare, ƙin amincewa. Duk lokacin da ka ji ɗan Italiya ya ce scusi, ko wani ya ce maka excuse me da Turanci, asalin abin da yake roƙo shi ne a cire sunansa daga ƙara.

Akwai wani ɗan abu a nan da masu nazarin sauti suke so. A Sifaniyanci, sautin k na Latin idan ya faɗo tsakanin wasula biyu yakan yi laushi ya koma g: amicus ya zama amigo, aboki. Da haka ne da yanzu agusar ake cewa. Abin da ya tsare kalmar shi ne ɗaurin da ke jikinta. Baƙi mai ɗauri ba ya komawa g, ɗaurin kawai yake saki: vacca ta zama vaca, saniya, bucca ta zama boca, baki. Mutanen Italiya su har yau suna furta ɗaurin, kamar yadda kake bambanta baba da babba. Faransawa suna rubuta shi amma ba sa furtawa. Mutanen Sifaniya sun daina duka biyun.

Shari'ar da ta koma "abu"

Ita kanta causa abin da ya same ta ya fi ban mamaki. A bakin talakawan daular Roma, kalmar da ke nufin shari'a ta riƙa faɗi: daga "maganar da ake shari'a a kanta" ta koma "maganar da ake yi", daga nan ta koma kowane irin abu. Sautinta ma ya bi dokar da ta mai da aurum ya zama oro, zinariya, taurus ya zama toro, bijimi. Sai ga cosa a Sifaniyanci da Italiyanci, coisa a harshen Fotugal, chose a Faransanci, duk ma'anarsu "abu". Tun a shekarar 842 kalmar cosa ta bayyana da wannan ma'ana a rantsuwar da jikokin Sarki Charlemagne biyu suka yi wa juna a Strasbourg, ɗaya daga cikin rubuce-rubuce mafi tsufa da ake da su a dangin harsunan nan. Daga baya malamai da lauyoyi suka sake ɗauko causa kai tsaye daga littattafan Latin. Shi ya sa yau Basifaniye yake da kalma biyu daga uwa ɗaya: cosa da ya gada a bakin kakanni, causa da ya koya a makaranta.

Kada ka ɗauka wannan wata baiwa ce ta Rumawa. Thing ta Turanci asalinta taron yanke hukunci ne, kuma majalisar ƙasar Iceland har yau Althing take amsawa tun daga shekarar 930. Sache ta Jamusanci ita ma daga ƙara ta taso ta koma "abu". Mu ma al'amari da muka aro daga amr na Larabci, tushensa umarni ne. Da alama duk inda mutane suka zauna, abin da aka fi jayayya a kansa shi ne yake zama "abin".

Wannan harshen damo na causa, dalili a gefe guda, laifi a ɗaya gefen, shi ya jawo wani kuskure da ɗalibai suke haddacewa har gobe. In ka yi nahawun Larabci ka san Zaidun da Zaidan: ƙarshen suna yana canzawa idan shi ne karɓau, wato mansubi. Girkanci da Latin ma haka suke. Masana nahawun Girka sun kira wannan siga aitiatike, daga kalmar da ke nufin "abin da aka haddasa", tunda aikin a kansa yake sauka. Amma aitia ta Girkanci, kamar causa, tana nufin dalili tana kuma nufin zargi. Da Rumawa suka zo fassara sai suka kama ɓangaren zargin. Varro, wanda ya rayu daga 116 zuwa 27 kafin Miladiyya, ya kira ta "sigar tuhuma", daga nan aka samu accusativus, wanda ya zama acusativo da accusatif. Priscian, malamin nahawu a Kustantiniyya wajen shekarar 500, ya ambaci causativus a matsayin wani sunan nata, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Abin dariyar kuma shi ne yawancin sunayen Sifaniyanci daga wannan "sigar tuhuma" suka fito: noche, dare, daga noctem ne, ba nox ba, monte, dutse, daga montem ne, ba mons ba.

Birnin da ba shi da mai gabatar da ƙara

Yanzu bari mu shiga kotun kanta, don a nan ne kalmar ta samu haƙoranta.

A zamanin Jamhuriyar Roma babu ofishin gwamnati da aikinsa shi ne gurfanar da masu laifi. Daga shekarar 149 kafin Miladiyya aka fara kafa kotuna na dindindin, ta farkonsu don gwamnonin da ke tatsar talakawan lardunan da aka tura su. Amma kotun ba ta motsi da kanta. Sai wani ɗan ƙasa ya taso ya ce shi ne accusator, ya nemi izini, a rubuta sunansa da sunan wanda yake tuhuma da laifin. Daga nan komai a wuyansa yake: shi zai nemo shaidu, shi zai tono takardu, shi zai tsaya ya yi magana. In babu wanda ya taso, ko da duk gari ya san an yi kisa, babu shari'a.

Misalin da aka fi sani shi ne na Gaius Verres, wanda ya mulki tsibirin Sisili daga 73 zuwa 71 kafin Miladiyya, ya kwashe hatsi da kuɗi da gumakan wuraren ibada. Mutanen Sisili suka nemi Cicero, wanda ya taɓa aiki a tsibirin a shekarar 75 ya bar suna mai kyau. Sai ga wani mai suna Quintus Caecilius ya fito shi ma yana so a ba shi tuhumar. Cicero ya ce wannan ɗan amshin shata ne, ya zo ne ya karɓi ƙarar don ya kashe ta. Ka ga matsalar tsarin ke nan: in mai zargi ɗaya ne tak ake yarda da shi, hanya mafi sauƙi ta kuɓuta ita ce ka samo naka mai zargin. Don haka sai da aka yi wata ƙaramar shari'a tukuna a kan wa ya cancanci ya yi zargin. Cicero ya ci.

An ba shi kwana 110 ya tattara hujja. Ya zagaye Sisili cikin kwana 50. Lauyan Verres shi ne Hortensius, wanda a lokacin ba a da kamarsa a iya magana, kuma dabararsu ita ce a ja shari'ar har shekara ta juya, Hortensius ya hau kujerar shugabancin ƙasa, wani abokinsu kuma ya karɓi shugabancin kotun. Da aka buɗe zama a watan Agusta na shekarar 70, Cicero ya ƙi yin dogon jawabin da aka saba. Ya yi gajeriyar magana ya fara jero shaidu ɗaya bayan ɗaya. Verres bai jira hukunci ba, ya tattara ya gudu Massilia, wato Marseille ta yau. Dogayen jawaban nan biyar da ɗaliban Latin suke karantawa a kan Verres, ba a taɓa furta su a kotu ba, rubuta su Cicero ya yi ya watsa bayan an gama.

To da Cicero ya faɗi fa? Rumawa sun tanadi suna da horo ga laifuka uku na mai zargi. Na ɗaya calumnia, zargin ƙarya da gangan. Na biyu praevaricatio, haɗa baki da wanda kake tuhuma. Na uku tergiversatio, juya baya ka watsar da ƙarar bayan ka ɗaga ta. Wanda aka kama da ƙarya yakan rasa mutuncinsa na ɗan ƙasa da ikon sake gurfanar da wani. Cicero da kansa, a wata shari'a a shekarar 80, ya yi wa masu ƙara barazana da harafin da za a manna musu a goshi, abin da aka fahimta da K, farkon kalmar a tsohon rubutu. Zuwa ƙarni na 4 Miladiyya dokar ta ƙara tsauri: wanda ya sa hannu a takardar tuhuma ya amince ke nan cewa in bai tabbatar ba, hukuncin da ya nema wa wani shi zai hau kansa. In ka san haddin ƙazafi a shari'ar Musulunci, bulala tamanin ga wanda ya yi zargin zina bai kawo shaidu huɗu ba, tunanin ba zai yi maka baƙo ba.

Ba ina yabon tsarin ba ne. Yana da ramuka manya. Talaka ba ya iya ja da mai ƙarfi, kuma da sarauta ta kafu sai zargi ya koma sana'a. A zamanin Sarki Tiberius, daga 14 zuwa 37 Miladiyya, wanda ya kai ƙarar cin amanar sarki ya yi nasara yana samun kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyar wanda aka kama. Sai aka samu masu cin abinci da wannan, ana kiransu delatores, 'yan kai rahoto. Riƙe wannan kalma, za ta dawo. Duk da haka akwai iyakar da Rumawa suka ƙi tsallakawa. Wajen shekarar 112, Pliny, gwamnan Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Trajan yana tambayar yadda zai yi da Kiristoci, har da wata takarda marar sa hannu mai ɗauke da sunaye da yawa. Trajan ya amsa cewa takardar da ba ta da sunan marubuci ba ta da gurbi a kowace tuhuma. Sarkin da bai ga laifin kashe wanda ya ƙi barin addininsa ba, shi ne ya ƙi karɓar zargi daga mutumin da ba ya son a san shi.

Ranar da jita-jita ta zama mai ƙara

Da Sarki Alfonso na 10 na Kastiliya ya sa aka tsara kundin dokoki na Siete Partidas, tsakanin wajen 1256 da 1265, da harshen ƙasa aka rubuta shi, ba da Latin ba. Kashi na bakwai, wanda ya shafi laifuka, da babin zargi ya buɗe. A can acusar tana nan da nauyinta na Roma: an jera waɗanda ba su da ikon yin ta, kamar mace da yaron da bai kai shekara 14 ba da wanda aka taɓa kamawa da shaidar zur, sai dai in su aka cuta ko danginsu. An kuma maimaita ƙa'idar cewa mai zargin da ya kasa tabbatarwa zai iya shan hukuncin da ya nema.

Amma tun kafin a rubuta wannan kundi, ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashinsa. Fafaroma Innocent na 3 yana da matsala ta gaske: manyan limaman coci suna aikata ɓarna, kuma wa zai sa wuyansa ya tuhumi bishop? A babban taron Lateran na 1215 aka tabbatar da cewa hanyar fara shari'a uku ce. Akwai accusatio, tsohuwar hanya. Akwai denunciatio, ka kai rahoto ka koma gefe. Akwai kuma inquisitio, inda alƙali da kansa zai fara bincike idan magana ta yi yawa a gari a kan mutum. Wato abin da ake faɗa a bakin jama'a shi ne ya tsaya a matsayin mai ƙara. A wannan taro ne kuma aka hana limamai sa albarka a gwajin wuta da na ruwa, inda ake sa wanda ake tuhuma ya riƙe jan ƙarfe a ga ko hannunsa zai warke.

A yi adalci, wannan ci gaba ne ta wata fuska. Laifi ya zama damuwar hukuma, ba sai an jira jarumi ba. Alƙali mai bincike da ake da shi yau a Faransa da Sifaniya, da ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa irin su Nijar, jikan wannan tunani ne. Sai dai ka lura da abin da ya faɗi a hanya: yanzu mutum zai iya jefa wani cikin shari'a ba tare da ya sa ko ɗan yatsansa a wuta ba.

Kotun binciken addini ta Sifaniya, wadda aka kafa a 1478 ba a kuma soke ta gaba ɗaya ba sai 1834, ita ta kai abin ƙarshensa. Farko ta sa ido a kan Yahudawan da suka koma Kiristanci, daga baya a kan Moriscos, Musulmin da aka tilasta wa baftisma bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, waɗanda aka kori kimanin dubu 300 daga cikinsu tsakanin 1609 da 1614. Masu binciken sukan shiga gari a karanta sanarwa a coci cewa duk wanda ya san wani abu dole ya zo ya faɗa. Maƙwabci ya ga ba ka cin naman alade, ko kana yawan wanka, ko ba a hura wuta a gidanka da rana a wani wata, ya isa. Ba za a gaya maka sunansa ba. Takardar acusación tana nan, ana karanta maka ita, amma wani ma'aikacin kotu ne da ake kira fiscal yake gabatar da ita, kuma shi ba abin da zai rasa. An cire sunayen shaidu da duk wata alama da za ta sa ka gane su. Hanyar kare kai da aka bar maka ita ce ka lissafa maƙiyanka, in ka dace ka ambaci wanda ya kai ka, a raunana shaidarsa. Ka yi tunanin zama a ɗaki kana bin duk wanda ka taɓa saɓawa da shi a rayuwarka kana canke.

Ba talakawa kaɗai ba. Fray Luis de León, malami a jami'ar Salamanca kuma ɗaya daga cikin manyan mawaƙan harshen, abokan aikinsa ne suka kai rahotonsa a kan yadda yake fifita nassin Ibrananci a kan fassarar Latin ta Baibul. An kama shi a watan Maris na 1572, ya zauna a kurkuku a Valladolid har Disamba na 1576, aka sake shi ba a same shi da laifi ba. Kusan shekara biyar.

Harshen ya riƙe wannan rarrabuwa. Basifaniye na yau yana da aikatau uku inda Bahaushe zai iya cewa "kai ƙara": denunciar, kai rahoto ga hukuma; delatar, tona wani a ɓoye, kalma mai wari, jikar delatores ɗin nan; da acusar, wadda a kotu har yanzu tana nufin tsayawa a matsayin ɓangare a shari'a.

Mutumin da ya biya tsohon farashi

A ranar 13 ga Janairu 1898 jaridar L'Aurore ta Faris ta fito da wasiƙar marubuci Émile Zola zuwa ga shugaban ƙasa Félix Faure. Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahude, yana tsibirin Shaiɗan tun bayan da kotun soja ta same shi da laifin leƙen asiri a Disamba 1894, bisa takardun da ba a nuna masa ba. Kwana biyu kafin wasiƙar, wata kotun sojan ta wanke Esterhazy, wanda shi ne ainihin mai laifin. Georges Clemenceau ne ya zaɓa wa wasiƙar take, J'accuse, "ina tuhuma", aka buga kwafi wajen dubu 300.

Abin da mutane suke mantawa shi ne yadda wasiƙar ta ƙare. Bayan Zola ya jera janar-janar da ƙwararrun rubutun hannu suna bayan suna, sai ya ambaci dokar 'yan jarida ta 1881 da ke hukunta ɓata suna, ya ce da saninsa yake jefa kansa ƙarƙashinta. So yake a gurfanar da shi a kotun farar hula, inda dole a yi magana a fili. Aka gurfanar da shi kuwa. A ranar 23 ga Fabrairu aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da tarar faran 3,000, a watan Yuli ya tsere Ingila. Ya rasu a 1902, shekara huɗu kafin a wanke Dreyfus gaba ɗaya a 1906. A ganina dalilin da ya sa wannan take ya ratsa harsuna, har Yo acuso ya zama abin da 'yan jarida ke ɗauka a Sifaniya da Kudancin Amurka, ba zafin kalmar ba ne. Ƙaramin j ɗin nan ne na farko, "ni".

Sifaniya kuwa ba ta taɓa rufe tsohuwar ƙofar Roma gaba ɗaya ba. Dokar shari'ar laifuka ta 1882 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon shigar da tuhuma ko da ba shi aka cuta ba, kuma sashe na 125 na tsarin mulkin 1978 ya tabbatar da haka. Ana kiranta acusación popular, tuhumar jama'a. Ƙasashen Turai kaɗan ne suke da irinta. Ta wannan ƙofa ce Gimbiya Cristina, 'yar'uwar Sarki Felipe na 6, ta zauna a kujerar waɗanda ake tuhuma a 2016 kan batun haraji, alhali lauyoyin gwamnati ba su tuhume ta ba. Kotu ta wanke ta a Fabrairu 2017. Har yau ana jayayya a ƙasar: wasu na cewa wannan hanya ce kaɗai ke kai masu ƙarfi gaban alƙali, wasu na cewa jam'iyyu da ƙungiyoyi sun mai da ita makamin siyasa. Gardamar Cicero da Caecilius ce ba ta mutu ba.

To ina maganar rasiɗi?

A wajen kotu kalmar ta yi laushi. Wanda ya zarge ka ya fito da abin da kake ɓoyewa ne, don haka acusar ta fara nufin bayyanarwa. Ana cewa ɗan wasa acusa el cansancio, gajiya ta nuna a jikinsa. Bafaranshe zai ce mutum accuse son âge, shekarunsa sun fito fili. Ɗan Italiya a gaban likita yana accusare ɗin ciwo, wato yana faɗar inda ke yi masa zafi. Mu ma mukan ce idonsa ya tona masa asiri. A karta, musamman wasan tute na Sifaniya, wanda ya haɗa sarki da doki na launin da ke mulki yakan "zargi arba'in", wato ya sanar da makin da ke hannunsa. Mai neman gafara a coci kuma yana farawa da me acuso, kansa yake tuhuma.

Rasiɗin daga nan ya fito. Wanda ya rubuta maka cewa saƙonka ya iso ya bayyana abu ne a kan kansa, da sunansa, kuma gobe ba zai iya cewa bai gani ba.

Romaniyanci shi kaɗai ya bi wata hanya. A acuza baƙuwa ce a harshen, a ƙarni na 19 aka aro ta daga Faransanci da Latin, lokacin da masu ilimin ƙasar suke juya fuska zuwa Faris suna barin haruffan Slav. Kafin nan a pârî da a învinui ake cewa, duka daga tushen Slav, kuma har yau suna raye. Ko "abu" ma ba daga causa suka samo shi ba. Lucru suke cewa, daga lucrum, riba.

Saura yaran makaranta. Yaron da ke ruga wa malami da rahoton 'yan ajinsu, a Sifaniya sunansa acusica, a ƙasashe da dama na Kudancin Amurka acusete. Da za ka kai maganar gaban lauyan Roma zai ce an yi kuskuren suna, don yaron nan bai sa hannu a komai ba, kuma in ƙarya ya yi ba shi za a doka ba. Delator ne.